Saƙo daga Berlin: littattafan da ake cigiyar masu su

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe min da Inna da yara. Ka tambaye ni abin da ke da araha a nan. Nama da kuɗin haya kam a bar zancensu. Karatu ne kusan kyauta: katin laburaren gwamnati Yuro 10 ne a shekara, ka ari littafi ka tafi da shi gida har mako huɗu.

Amma akwai wani aiki da babban laburaren birnin ke yi wanda ban taɓa ganin irinsa a gida ba. A 1943, lokacin da gwamnatin Hitler ke kwashe Yahudawan Berlin zuwa sansanonin kisa, laburaren ya sayi littattafai kusan 40,000 da aka kwaso daga gidajensu. Aka shigar da wasu a rajista, da harafin J a gaban lambarsu. Yau akwai ma'aikata da ake biya albashi su riƙa buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya, suna neman hatimi, ko sa hannu, ko 'yan kalmomin da wani ya rubuta ranar da ya ba da kyautar littafin. In sun ga suna sai su sa a intanet, su bi sawun jikoki har Isra'ila ko Amurka. Cigiya ce irin wadda ake yi a rediyo, sai dai nan wanda kayan ke hannunsa ne ke neman mai su.

Kada ka ɗauka komai haka yake tafiya salin alin. Ƙasashe 44 sun amince a Washington a 1998 cewa za a mayar da irin waɗannan kaya, amma alkawari ne, ba doka ba. Maria Altmann, wata Bayahudiya da gwamnatin Hitler ta ƙwace wa danginta kaya, sai da ta ja ƙasar Ostiriya har Kotun Ƙolin Amurka kafin a 2006 a ba ta zanen matar baffanta da mai zane Gustav Klimt ya yi, tana da shekara 90. An sayar da shi dala miliyan 135. Littafi ana kai wa magada ba ko sisi, zane mai tsada kuwa sai da lauya.

Kuma duk wanda ya ci nasara, takarda ce ta tsaya masa: rasit, wasiyya, ko jerin kayan da jami'an da suka ƙwace suka rubuta da hannunsu. Mu can ciniki da shaidu muke yi, shaidu kuwa mutuwa suke. Don Allah takardun gonar Baba da ke akwatin Inna, ka ɗauki hotonsu da waya ka turo min kafin damina.