Gargaɗi ga fatake da direbobin tirela: a kula da ɗan kamashon waya

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu kai kaya Kudu da direbobin manyan motoci, don Allah ku karanta ku tura wa na kusa da ku. Abin da zan faɗa ya faru ne da Baffana, wanda ya daɗe yana kai wake daga Dawanau zuwa Legas.

Ɗan kamasho na gaskiya duk mun san shi. Yana da wurin zama a tasha, 'yan ƙungiya sun san gidansa. Kafin ya yanka kuɗin mota sai ya duba farashin gas a ranar, da yawan motocin da ke layi, da ko kaka ce kaya sun fi motoci yawa. Zai lissafa abin da za a kashe a shingayen hanya, ya kuma duba ko direba zai samu lodin dawowa daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ko zai dawo wayam, domin wanda zai dawo wayam dole ya tsauwala. Daga nan a yi ciniki ido da ido, a ba da kafin alƙalami, a rubuta wayabil, wato takardar shaidar kayan da aka ɗora, ciko kuma sai an sauke kaya. La'adarsa ba ɓoyayya ba ce.

Ɗan kamashon waya kuwa a WhatsApp ya samu Baffa, ya turo hoton tirela har da lambarta, ya ce motar yayansa ce, ta sauke kaya a Kano tana neman komawa, shi ya sa zai yi ragi. Farashin da ya faɗa ya yi ƙasa da na tasha sosai. Ashe a lokaci guda ya kira ainihin direban motar ya ce shi wakilin Alhaji ne mai buhu 300 na wake, ya yi masa alkawarin kuɗin da ya fi na tasha. Kowa ya ga ya samu garaɓasa. Ya kuma ja kunnen kowannensu cewa kada ya yi maganar kuɗi da ɗayan, wai don kada 'yan dako su ji. A nan ne ya cuce su.

Mota ta zo, aka yi lodi, aka ɗaure tamfol. Baffa ya ga mota da idonsa, lamba ta yi daidai, sai ya tura mafi yawan kuɗin zuwa asusun da aka ba shi. Mutumin ya cire ɗan kaɗan ya tura wa direba na gas, ya ce sauran a Legas.

Da suka isa kasuwar Mile 12 a Legas direba ya nemi cikonsa. Aka kira lambar, a kashe. Yaron Baffa ya nuna masa shaidar tura kuɗi a waya, direba ya duba sunan ya ce: "Wallahi Alhaji ban san mai wannan suna ba." Ya hana a kwance igiya, kuma ban ga laifinsa ba, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000, mai mota yana jiran lissafi. Kwana uku kaya na kan mota kafin shugabannin kasuwa su sasanta, Baffa ya sake biya. Allah ya sa wake ne. Da tumatir ne ko albasa, da uwar kuɗin ma ta tafi.

Abin da nake roƙo shi ne mai kaya da direba su faɗi kuɗin mota da bakinsu a gaban juna kafin a ɗora buhu na farko, a rubuta shi a wayabil tare da abin da aka bayar da abin da ya rage. Kada a tura kuɗi sai an kira mai motar ya tabbatar da sunan asusun. Direba kuma ya tambayi ofishin NARTO (ƙungiyar masu motocin sufuri) ko na NURTW (ƙungiyar direbobi) da ke tashar ko sun san wanda ya ba shi lodin. Mun kai lambar wayar da ta asusun ga 'yan sanda da banki, har yanzu muna jira.