PVC ko SVC, wanne ya fi dacewa a kan sabar shiga ta WAN, wato netwok mai haɗa wurare masu nisa?

Ɗan'uwa, ka ce kana da sabar shiga ta Cisco da za ta haɗa rassa da hedikwata, ka rasa PVC za ka saita ko SVC. To ka fara duba irin layin da kamfanin sadarwa ya ba ka, Frame Relay ne ko X.25, don rabin amsar tana nan.

PVC da SVC dai ba waya ce daban aka ja maka ba, hanya ce aka ware maka a cikin netwok ɗin kamfani. PVC kullum a buɗe take, ko ana tura bayanai ko ba a turawa. SVC kuwa kamar kiran waya ne, sabar ta kira, ɗaya ɓangaren ya amsa, a tura abin da za a tura, a katse.

In Frame Relay ne kusan PVC ce kawai zaɓinka, SVC ɗinsa akwai a ƙa'ida amma kamfanoni kaɗan ne suka taɓa bayar da shi. Saitin ba wahala, ka sa umarnin encapsulation frame-relay, wato tsarin da ake naɗe bayanai da shi, a fot ɗin siriyal, sannan lambar DLCI, wato lambar da ake gane PVC da ita, da suka ba ka, tsakanin 16 zuwa 1007 take, kuma kar ka damu in taka 100 ce ta reshe 200, lambar tsakaninka da siwicin kamfani kaɗai take aiki. Inda ake shan wahala LMI ne, wato saƙonnin duba lafiyar layi tsakanin sabarka da siwici, iri 3 ne, cisco da ansi da q933a, in naka bai yi daidai da na siwici ba layin ba zai tashi ba, duk da daga IOS 11.2, wato sigar manhajar Cisco, na'urar kan gano shi da kanta. Ka buga show frame-relay pvc, in ka ga ACTIVE shikenan, INACTIVE matsalar tana can ɗaya ƙarshen, DELETED kuma siwici bai ma san lambar da ka sa ba.

A X.25 ne SVC ke da ƙarfi, tsohon tsari ne tun 1976. Nan sai ka ba fot ɗin adireshin X.121, wato lambar da ake kiransa da ita a X.25, da umarnin x25 address, kowane reshe kuma ka haɗa IP ɗinsa da adireshinsa da x25 map ip. Girman fakiti da na taga (fakiti nawa za a tura kafin a jira amsa), wato bait 128 da fakiti 2 in ba a canza ba, dole su dace da na kamfani. Haka ma zangon lambobin kira na SVC, daga ltc mafi ƙasa zuwa htc mafi sama. Kuma in za ka haɗa PVC da SVC a fot ɗaya, lambar PVC sai ta zama ƙasa da zangon SVC, shi kuwa ltc daga 1 yake farawa, don haka sai ka ɗaga shi tukun in ba haka ba x25 pvc ba zai karɓu ba.

Wani abu da ake mantawa, ka sa x25 idle don kiran ya riƙa katsewa in ba aiki, amma in RIP, tsarin da na'urori ke sanar da juna hanyoyi, na bi ta hanyar duk daƙiƙa 30 zai turo sabuntawa, kiran ba zai taɓa yin shiru ba, ka ga an rasa amfanin SVC ɗin kenan. Gara ka rubuta hanyoyin da hannu.

Ni a ganina in rassan hedikwata kawai suke magana da ita kuma yini ake aiki, PVC ɗaya ga kowane reshe ya isa, ba jiran kira, kuma gano matsala ya fi sauƙi. In kuwa kowane reshe na son magana da kowane, lissafa ka gani, wurare 10 PVC 45 ke nan, a nan SVC ta fi, musamman in ɗan bayani ne ake turawa jefi-jefi. Turo mana abin da show interfaces serial ya nuna maka mu ga wane encapsulation ke kai yanzu.