Mujallu bakwai na gasar hunturu da na sayo ta intanet: abin da ya zo a kwalin

Shekara tara ke nan ina tara tsofaffin mujallun labarai, amma sai bana na ware kanta guda ga wasannin ƙanƙara. Ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba, kada wani ya tambaya. Wani mai sayar da tsofaffin takardu ta intanet ne ya sa tallar ɗauri ɗaya na mujallu bakwai, daga 1961 zuwa 1984, ya rubuta a ƙasa cewa duka suna nan "kamar sababbi". Na biya, na jira mako uku da 'yan kwanaki, kwali ya iso.

Ta fuskar naɗi ba ni da ta cewa. Kowace mujalla tana cikin ledarta, da kwali mai kauri a bayanta don kada ta lanƙwashe, an kuma cushe gefe da gefe yadda ko an yi jifa da kayan ba abin da zai motsa. Wanda ya taɓa karɓar mujallar Life a nannaɗe kamar tabarma ya san darajar wannan, domin faɗinta ya fi na sauran mujallu, kuma in ta karye a tsakiya ta karye ke nan.

Wadda na fara zarowa ita ce ta sa na sayi ɗaurin gaba ɗaya: Sports Illustrated ta 13 ga Fabrairu, 1961. A bango akwai Laurence Owen, yarinya 'yar shekara 16 da ta lashe gasar rawar zamiya a kan ƙanƙara ta Amurka a watan da ya gabata, tana murmushi. Ranar 15 ga wannan watan jirgin da ya ɗauko tawagar Amurka daga New York ya faɗi kusa da Brussels, suna kan hanyar zuwa gasar duniya a birnin Prague. 'Yan wasa 18 suka rasu, har da ita da yayarta, da mahaifiyarsu Maribel Vinson-Owen wadda ke horar da su. Aka soke gasar ta shekarar. Mujallar ba ta san da wannan ba. Duk wani littafin tarihi da zai ba ka labarin yarinyar daga hatsarin yake farawa, ita kuwa wannan takarda tana maganarta ne a matsayin wadda gobe ke jira. Na daɗe riƙe da ita ban buɗe ba.

'Yata ta leƙo ta ce, "Baba, wannan ai duk yana waya, me ya kai ka sayen takarda mai wari?" Na ce ta miƙo min Life ta Fabrairun 1968, na ajiye su gefe da gefe. Peggy Fleming ce a bangon, bayan ta ci zinare a rawar zamiya a gasar Olympics ta hunturu a Grenoble ta Faransa, zinare ɗaya tilo da Amurka ta samu a gasar. Mai horar da ita na farko, William Kipp, yana cikin wancan jirgin, tana da shekara 12 a lokacin. Shekara bakwai ke tsakanin bangon nan biyu, kuma a tebur faɗin tafin hannu ne. Ta yi shiru, sai ta ce amma dai warin yana nan. Gaskiyarta.

To, ga inda "kamar sababbi" ya fara sukurkucewa. Uku daga cikin bakwai suna warin danshi, irin na takardar da ta shekara a ɗakin da rana ba ta shiga. 'Yan wayoyin da suka ɗinke Life ɗin sun yi tsatsa, tsatsar ta ci shafin tsakiya har ya soma rabuwa. Wannan zan iya haƙura da shi, takarda mai shekara hamsin da ɗoriya ba za ta zo da ƙamshin maɗaba'a ba. Abin da nake so kawai a faɗa min tun kafin in biya.

Na 1980 guda biyu ne. Time ta 11 ga Fabrairu, mai Eric Heiden da ƙanwarsa Beth a bango, ta fito kafin a buɗe gasar Olympics ta hunturu a Lake Placid ta Amurka, kuma ita ce mafi tsafta a ɗaurin. Daɗin karanta ta shi ne kai ka san Eric zai kwashe zinare biyar a tseren ƙanƙara, daga mita 500 har mita 10,000, Beth kuma za ta tsira da tagulla ɗaya, masu rubutun kuwa hasashe suke yi. Ɗayar ita ce Sports Illustrated ta 3 ga Maris, bayan samarin Amurka sun doke Tarayyar Sobiyet da ci 4 da 3 a hokin ƙanƙara a wannan gasar. Abin da ya sa masu tarawa ke neman wannan bango shi ne ba a rubuta kanun labari ko ɗaya a kansa ba, hoton da Heinz Kluetmeier ya ɗauka ne kawai da sunan mujallar. Nawa kuwa ya zo da takardar adireshin wani bawan Allah manne a ƙasa, wadda ba ta fito a hoton tallar ba domin an yanke hoton daidai wurin. Na san mujallun da aka aika wa masu biyan kuɗin shekara haka suke zuwa, kuma ba a ɓanɓare takardar, sai ta tafi da fatar bangon. Amma yanke hoton ba kuskure ba ne.

Ta Sarajevo 1984 ce ta fi ɓata min rai. Na buɗe ina neman Lamine Guèye na Senegal, baƙar fatar Afirka na farko da ya yi gasar Olympics ta hunturu, sai na ga lambar shafi ta yi tsalle, an zare ganye biyu daga tsakiya. Ko yana ciki ko ba ya ciki, wanda ya zare ne ya sani. Abin da ya rage ma yana da nauyi: birni cikin ado da fitilu, shekara takwas kafin a yi masa ƙawanya a 1992, har filin da ke gefen zauren Zetra, inda 'yan Birtaniya Torvill da Dean suka yi rawarsu ta zamiya, ya koma maƙabarta. Sauran biyun, na Sapporo 1972 da Innsbruck 1976, lafiya lau suke, ba abin faɗa.

Na rubuta wa mai kayan da hotuna. Ya amsa washegari, bai yi gardama ba, ya mayar min da kuɗin ta Sarajevo ya ce in riƙe ta. Kan batun adireshin kuwa ya yi gum.

Zan sake saye a wurinsa? Yana da wata ta Innsbruck 1964, shekarar da dusar ƙanƙara ta ƙi sauka har sojojin Ostiriya suka riƙa ɗebo ta daga duwatsu suna shimfiɗawa a hanyar tsere, kuma raina ya biya. Na dai aika masa cewa ina son hoton bango gaba da baya ba yanki, da na shafin tsakiya a buɗe, ya kuma ƙirga min shafukan ɗaya bayan ɗaya. Yau kwana huɗu, bai amsa ba tukuna.