The Mummy kashi na uku: an ɗauko Jet Li an shafe shi da yumɓu

Lokacin hutun yara na je wajen masu tura finafinai a bakin kasuwar unguwarmu, na ce a zuba mini The Mummy duka uku a filashi. Na farko da na biyu na san su kamar tafin hannuna. Na farkon a kaset na fara ganinsa a ɗakin yayana, muna zaune a tabarma mu wajen goma, kuma daren nan ban iya fita tsakar gida ni kaɗai ba. Na ukun ne ban taɓa zama na kalla daga farko har ƙarshe ba, sai guntu-guntu a tashar tauraron ɗan Adam. Na ce bari mu bi su a jere ni da yaran, dare uku, fim ɗaya kowane dare bayan sallar isha'i.

Daren farko bai ba ni kunya ba. Fim ɗin 1999 ne, Stephen Sommers ya ba da umarni, amma har yau yana riƙe mutum. 'Yata ta tsakiya ta ƙanƙame hannun mahaifiyarta lokacin da buzuzun nan ya shiga ƙarƙashin fatar mai gadin kurkuku yana tafiya. Babban kuwa dariya ya yi ta yi inda Evelyn ta kifar da kantocin littattafai a ɗakin karatu na Alƙahira, ɗaya na ture ɗaya har suka zube kaf. Abin da na lura da shi a wannan kallon, wanda ban lura da shi ina yaro ba, shi ne haƙurin fim ɗin. Kusan rabinsa ya wuce kafin Imhotep, gawar da aka gina labarin a kanta, ya tashi. Kafin nan an bar ka ka san Rick O'Connell tun yana bakin igiyar rataya, ka san Evelyn da wanta Jonathan, ka san Beni matsoraci mai cin amana, ka hau raƙumi da su har Hamunaptra, birnin matattu. Da gawar ta buɗe ido, akwai mutanen da kake jin tsoron a taɓa. Kuma ana taɓa su. Ba'amurken nan da gilashinsa ya fashe, Imhotep ya cire masa idanu da harshe, ya bar shi da rai yana lalube a duhu. Sauran da suka buɗe akwatin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsotse su, kowane mutum ɗaya da ya ci sai jikinsa ya ƙara cikowa. Ga fara, ga ruwa ya koma jini, abubuwan da duk wanda ya yi makarantar allo ya ji a ƙissar Annabi Musa da Fir'auna. Ina ganin wannan na cikin dalilan da fim ɗin ya shiga ranmu a nan.

Sannan shi Imhotep ba haka kawai yake ɓarna ba. Mace yake so, Anck-su-namun, saboda ita aka binne shi da rai, kuma bayan shekara dubu uku ita ce abin da ya fara nema. A ƙarshen kashi na biyu, na 2001, shi da Rick suna rataye a bakin rami, Rick ya ce wa matarsa Evelyn ta gudu, Imhotep kuwa ya kira tasa ta cece shi. Evelyn ta ratsa duwatsun da ke zubowa ta jawo mijinta, ita kuwa Anck-su-namun ta juya da gudu. Arnold Vosloo, wanda ya fito a matsayin Imhotep, ya dubi ma'auratan nan, ya yi ɗan murmushi, ya saki hannunsa. Maiɗakina da take ta kai da kawo ba ta zauna ba, nan ta tsaya da faranti a hannu ta ce, "Allah sarki." Kashi na biyun yana da nasa aibin, hayaniya ta yi masa yawa, kuma kunamar da aka yi wa fuskar Dwayne Johnson da kwamfuta ko a wancan lokacin ba ta yi kyau ba. Amma wannan wuri ɗaya ya biya.

Dare na uku muka sa Tomb of the Dragon Emperor, na 2008. An bar Masar an koma ƙasar Sin, Sommers ya bar kujerar darakta ga Rob Cohen, wanda ya yi The Fast and the Furious na farko. Sauya ƙasar ba laifi ba ne a wurina, har ma na yi murna. Sojojin yumɓun da ke cikin fim ɗin gaskiya ne, manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Xi'an, dubbai, an binne su tare da sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin. Ko ba a ƙara komai ba, akwai abin tsoro a cikin rundunar da take tsaye a ƙarƙashin ƙasa shekara dubu biyu tana jiran umarni. Kuma mintunan farko na fim ɗin sun yi alkawari mai kyau: Sarki Han ya ci ƙasashe, ya sa an binne bayinsa a ƙarƙashin Babbar Ganuwa, ya mallaki wuta da ruwa da ƙasa da itace da ƙarfe, saura mutuwa kawai. Ya aika a nemo masa matsafiya Zi Yuan, ita kuma ta kamu da son babban kwamandansa Ming. Sarki ya sa aka ɗaure Ming a jikin dawaki aka yaga shi a gabanta, ita ma ta tsine masa shi da rundunarsa suka koma yumɓu. Jet Li ne sarkin, Michelle Yeoh ce matsafiyar. Babban ɗana ya gyara zama ya ce, "Baba, yau akwai faɗa."

To a nan takaicina yake. Mu da muka tashi da finafinan Sin a gidajen kallo, mun san abin da Jet Li yake iyawa da hannu da ƙafa, kuma mun san shi da Michelle Yeoh sun taɓa haɗuwa a Tai Chi Master tun 1993. Sai ga shi an biya kuɗi an ɗauko mutumin nan, an nuna shi 'yan mintuna, sannan aka mayar da shi gunkin yumɓu na kwamfuta, fuska tana tsagewa tana haɗewa, har tsakiyar fim da wucewa. Da ya shiga tafkin Shangri-La, mai ruwan dawwama, ya dawo mutum, na ce madalla, yanzu za a fara. Bai daɗe ba ya rikiɗa ya koma dodo mai kai uku ya tashi sama. Can gaba ya sake rikiɗa ya koma wata dabba mai gashi. Karawarsa da Michelle Yeoh, wadda ita ce abin da duk mai son finafinan Sin ya zauna jira, kafin ka gama gyara zama ta ƙare, kuma an yayyanka hoton yadda ba ka ganin sara ɗaya daga tashinsa har saukarsa. Wanda ya sayi ingarma ya ɗaure shi a turke ya hau jaki, me za a ce masa?

Kuma sarkin ba shi da abin da yake so sai mulkin duniya. Ba ya kewar kowa, ba ya tsoron komai. Imhotep ko kyanwa ya gani sai ya watse ya gudu, wannan ya sa ka san yana da lago, kana jira a kama shi. Shi Han an ce sai an soke shi da wata wuƙa a zuciya, shi ke nan, kuma tunda yana iya daskarar da ruwa, ya jefa wuta, ya zama dodo, sai ka rasa dalilin da zai tsaya dambe da Rick a ƙarshe.

Sai maganar Evelyn. Rachel Weisz, wadda ta fito a matsayinta a biyun farko, ba ta dawo ba, aka sa Maria Bello. Ba na ganin laifin Bello, 'yar wasa ce mai ƙoƙari, amma an ba ta rigar da ba a ɗinka don ita ba. Evelyn ta farko ma'aikaciyar ɗakin karatu ce mai rawar jiki a kan tsofaffin rubuce-rubuce, karatunta ne ya ta da gawar, karatunta kuma ya kwantar da ita. Ta ukun marubuciyar labarai ce da zaman gida ya gundura, tana riƙe bindiga kamar kowa, kuma tunda ba a Masar ake ba, iliminta bai da wani amfani a tafiyar. Da ta fito, 'yata ta ce, "Baba, ina matarsa ta jiya?" Na ce ita ce wannan. Ta ce a'a. Har fim ya ƙare ba ta yarda ba. Ardeth Bay ma, mai rawani da zane a kumatu, wanda yaran suka fi so a dare biyun farko, babu shi.

Ɗan Rick da Evelyn, Alex, wanda muka bari yaro ƙarami a kashi na biyu, ya zama saurayi, Luke Ford ya fito a matsayinsa. Shekara 12 da 'yan watanni ne kawai tsakaninsa da Brendan Fraser, mai fitowa a matsayin Rick, kuma ido yana gani. In suna gardama a kan wa ya fi wa iya bindiga, sai ka ɗauka wa da ƙane ne. Fim ɗin yana so mu damu da saɓanin uba da ɗa, har Rick ya tare takobin da aka jefo wa Alex da jikinsa. Wurin ya kamata ya girgiza mutum. Amma ba a jima ba aka kai shi Shangri-La aka zuba masa ruwa ya miƙe garau. Daga nan na san babu wanda zai rasa komai a gidan O'Connell, sai na saki jiki, kuma sakin jiki ba shi ake nema a fim ɗin gawa mai tashi ba.

Dodannin ƙanƙarar nan na tsaunukan Himalaya, su yaran sun ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba. Ƙaramin har tsalle ya yi. Ni kuwa inda ɗayansu ya yi ƙwallo da soja ɗayan ya ɗaga hannu sama irin na alƙalin wasan ƙwallon Amurka, nan na tabbata masu fim ɗin sun daina ɗaukar labarinsu da muhimmanci. Barkwancin kashi na farko daga halin mutanen yake fitowa, kamar inda Beni ya yi ta zaro layu na addinai daban-daban yana addu'a da harsuna iri-iri ko ɗaya zai kare shi. Na ukun kuwa har da dabba tana yi wa Jonathan amai a jirgin sama.

Akwai abin yabo. Tseren da aka yi a titunan Shanghai daren sabuwar shekarar Sinawa, keken dokin sarki da dawakan tagulla suna ratsa taro ana wasan wuta, ya yi kyau ƙwarai, kuma shi ne wuri ɗaya da na mayar baya na sake kallo. Michelle Yeoh duk inda ta fito sai fim ɗin ya natsu, musamman inda ta sadaukar da dawwamarta da ta 'yarta don ta ta da bayin da aka binne a ƙarƙashin ganuwa su yaƙi wanda ya binne su. Wannan tunani ne mai nauyi, da a kansa aka gina fim ɗin tun farko da ba haka ba. Brendan Fraser ma bai yi ha'inci ba, ya ba da jikinsa kamar kullum. Na yi farin ciki a 2023 da shi da Yeoh suka karɓi Oscar a dare ɗaya, kowa da nasa fim ɗin.

A kasuwa fim ɗin bai faɗi ba, ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya, kuma an sake shi mako ɗaya kafin a buɗe gasar Olamfik ta Beijing. Amma a Amurka abin da ya samu kusan rabin na kashi na biyu ne. A ƙarshensa an nuna Jonathan zai tafi Peru, inda ya ce babu gawa mai tashi, aka rubuta cewa can ma an gano su, wato ana share fagen na huɗu. Kamfanin Universal bai bi shi Peru ba, a 2017 sai ya sake sabon zubi da Tom Cruise.

In za ka tura wa iyalinka, na farko dole ne, na biyu ma ka haɗa, sai dai ka san akwai 'yan wuraren shiga marar kyau a farkon na ɗaya da za ka so ka tsallake in da yara. Na ukun in an haɗa maka a kuɗi ɗaya ka karɓa, yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu za su ji daɗin dodannin, kuma ba zai hana su barci ba. Amma kar ka saye shi don Jet Li. Mu dai dare na huɗu da na tambayi wanne za a maimaita, su ukun suka ce na buzuzu, har da ita mai ƙanƙame hannun mahaifiyarta.