Star Trek na asali: wanne za ka saya, DVD, Blu-ray ko kallon intanet?

Star Trek na asali, shirin talabijin na tafiye-tafiye a sararin samaniya wanda tashar NBC ta Amurka ta nuna daga 1966 zuwa 1969, kashi 79 ne a zango uku. Abin da masu sha'awar sake kallonsa ba sa ganewa sai sun biya kuɗi shi ne, yanzu shirin iri biyu ne, kuma ba kowane faifai ke ɗauke da duka biyun ba.

A 2006, da shirin ya cika shekara 40, masu shi suka koma kan ainihin fim ɗin da aka ɗauka, suka wanke hoton tas. Rigar Kyaftin Kirk, shugaban jirgin sararin samaniya na Enterprise, da ta mataimakinsa Spock suka fito da launinsu, har kwalliyar fuskar 'yan wasan kana gani. Wannan aiki ya yi kyau. Amma a lokaci guda suka cire hotunan jirgin Enterprise da na duniyoyin da yake kewayawa, suka sa zanen kwamfuta a madadinsu. Na da kuwa jirgi ne da aka ƙera da hannu, tsawonsa ƙafa 11, yana nan ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. Ni dai ina son in ga abin da mutanen wancan zamani suka iya da kayan da ke hannunsu, ko da hoton na da ɗan dishi-dishi. Saboda haka wannan nake fara dubawa kafin in tambayi farashi.

Kallon intanet shi ne mafi sauƙi. Paramount+ na da shirin, sai dai mai zanen kwamfuta ne, kuma ba a kowace ƙasa manhajar ke aiki ba. Ga cin data, tunda kowane kashi kusan minti 50 ne. Ya dace da wanda yake son ɗanɗanawa kawai.

DVD yana son lura. Akwatunan da suka fito a 2004 na ɗauke da hotunan asali, waɗanda suka biyo baya a 2007 da 2008 kuma sabon aikin kaɗai ne a ciki. Ka duba bayan kwali sosai. Ka kuma duba lambar yanki: faifan Amurka lamba 1 ne, na Ingila 2, Najeriya da Nijar kuwa suna 5. In na'urarka ba mai karɓar kowane yanki ba ce, sai ka sa faifai ta ƙi.

Blu-ray ɗin da aka fara fitarwa a 2009 shi na fi amincewa da shi, ko da ya fi tsada kuma sai da na'urarsa. Iri biyun duka suna ciki, kai ke zaɓar wanda za ka kalla. A akwatin zango na uku akwai "The Cage", gwajin farko da aka yi da Kyaftin Pike kafin zuwan Kirk. In ka samu Blu-ray ɗin, fara da kashi mai suna "The Doomsday Machine", ka kalle shi da hoton da, sannan da sabon. A nan bambancin ya fi fitowa, domin faɗan jirage ya yi yawa a cikinsa.

Faifan kasuwa mai cushe da zango guda kuwa, na taɓa saya, kuma na yi da-na-sani. An matse hoton har fuskoki sun dagule, an kuma ja shi don ya cika allon zamani, kan Spock ya baje kamar faifan tuwo. Shirin an ɗauke shi ne don tsohuwar talabijin mai kusan murabba'i. In ka kunna ka ga baƙin fili a dama da hagu na allo, haka ya kamata ya kasance, kada ka taɓa saitin.