The Good, the Bad and the Ugly: ka ɗauki faifan 2021, ka ƙyale na 2014

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaye ni wanne za ka saya. Cikin faifai biyun nan na fim ɗin The Good, the Bad and the Ugly da aka turo maka hotonsu, wato Blu-ray na 2014 mai minti 179 da 4K na kamfanin Kino Lorber na 2021 mai minti 162, ka ɗauki na 2021 kawai. Duka biyun suna ɗakina yanzu haka. Ɗaya yana gefen na'ura inda hannu zai kai gare shi, ɗayan kuwa yana ƙasan durowa tun ranar da na biyun ya iso.

Ga abin da ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa. Ina da wani kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya yi samartakarsa a Kano lokacin da finafinan kaboyi da na Indiya ke tashe a gidajen silima marasa rufi, inda sai duhu ya yi sannan a kunna majigi. Ba ya jin Turanci, amma wannan fim ɗin ya haddace shi kamar tafin hannunsa. Clint Eastwood a wurinsa shi ne "mai sigari", Lee Van Cleef shi ne "bos", Eli Wallach kuwa "shaƙiyyi" yake ce masa. Da ya zo mana yawon Sallah, bayan isha'i na tada janareta na saka masa faifan 2021. Fim ɗin yana buɗewa da fili fetal da duwatsu can nesa, sai kawai fuskar wani mutum ta shigo ta cika allon. Kana ganin gumi yana tsattsafowa, kana ganin gashin gemun da ya kwana biyu bai ga aska ba, har fatar leɓensa da ta tsage. Kawu bai ce komai ba, ya jawo kujerarsa gaba. Kusan minti 10 na farko babu wanda ke furta kalma a fim ɗin, mu ma haka muka zauna, sai kukan iska da takun takalmi.

Inda ya fi burge ni shi ne wurin da Tuco (Wallach) da Blondie (Eastwood) ke cikin keken doki sanye da kaki mai ruwan toka na sojojin Kudu a yaƙin basasar Amurka, suka hango rundunar mahaya tafe. Tuco ya ga kayansu ruwan toka ne, ya miƙe yana yi musu kirari. Tun kafin su iso kawu ya ɗaga hannu yana cewa, "Kai shaƙiyyi yi shiru, ba naku ba ne!" Hafsan ya iso, ya sa safar hannunsa ya kaɗe hannun rigarsa, ƙura ta tashi, sai ga shuɗi ya bayyana: sojojin Arewa ne ƙurar hanya ta rufe su. Kawu ya bugi cinyarsa yana dariya har da hawaye, ya ce shuɗin nan haka yake a idonsa tun yana saurayi. Wannan fitowar gaba ɗayanta a kan launi ta dogara. In shuɗin bai fito shar ba, an kashe rabin daɗinta. A faifan 2014 da na fara saya, rigar tana fitowa ne wani iri, tsakanin shuɗi da kore, domin an lulluɓe fim ɗin duka da ruwan ɗorawa. Sararin sama ya koma tsanwa-tsanwa, farar riga ta zama kamar an jiƙa ta a ruwan kurkur, fuskokin mutane kamar masu ciwon shawara. Na yi ta murɗa saitin talabijin a wancan lokacin ina zaton laifinta ne, ashe daga faifan yake.

Masu kare launin na 2014 suna nan, kuma ba zan ce ba su da hujja ba sam. Suna cewa waɗanda suka yi gyaran sun dubi tsofaffin kwafin Italiya ne, kuma zafin hamada ya dace da wannan launin. Amma yawancin waɗanda suka daɗe da fim ɗin sun yi ta ƙorafi a kai tun fitowarsa, kuma ina bayansu. Tonino Delli Colli, wanda ya riƙe kyamara, ya ɗauki hamadar Almeria da tsaunukan Burgos a Sifen, wurare biyu masu kama daban: ɗaya busasshe ƙayau, ɗaya mai ciyawa da itatuwa. In ka rina su da launi guda, ka mayar da su wuri ɗaya. A na 2021 an bi fim ɗin fitowa bayan fitowa an daidaita launin, sama ta dawo sama, ƙasa ta dawo ƙasa.

Na san abin da ke jan hankalinka ga na 2014, ƙarin minti 17 ɗin nan ne, kana ganin kamar za a rage maka mudu in ka ɗauki gajeren. Ni ma shi ya ja ni. To ga yadda abin yake. Daraktan, Sergio Leone, ya fitar da fim ɗin a Italiya a watan Disamba na 1966 da tsawon kusan awa 3. Da za a kai shi Amurka a 1967 aka rage shi, kuma wuraren da aka cire ba a taɓa ɗora musu muryar Turanci ba. Ka san finafinan kaboyin Italiya ba a ɗaukar sauti a wurin aiki, kowane ɗan wasa da harshensa yake magana, Bature da Turanci, ɗan Italiya da Italiyanci, ɗan Sifen da Sifaniyanci, daga baya a shiga ɗakin sauti a ɗora murya. Shi ya sa za ka ga bakin wasu bai dace da maganarsu ba, kar ka ɗauka faifanka ne ya samu matsala. Da aka tashi mayar da wuraren da aka cire, bayan shekara 35 da ɗoriya, sai aka kira Eastwood da Wallach suka ɗora muryoyinsu. Eastwood ya haura 70 a lokacin, Wallach ya haura 85. Van Cleef kuwa ya rasu tun 1989, shekarar da Leone ma ya rasu, sai aka samo wani ya kwaikwayi muryarsa. Kunne ba ya ɓata a nan. Tuco na cikin ƙarfinsa yana zuba da murya mai kauri, minti ɗaya ka ji muryar dattijo tana fitowa daga bakinsa, sannan ta sake komawa ta saurayi. Duk lokacin da hakan ta faru sai ka fita daga labarin ka tuna cewa faifai kake kallo.

Akwai ma wata fitowa a cikin kogo, inda Tuco ya je da kaza a hannu yana neman tsofaffin abokansa, wadda Leone da kansa ya cire bayan an fara nuna fim ɗin a Rum. An dawo da ita bayan ba ya duniya. Ni dai ina ganin abin da mai shi ya cire da hannunsa, bai kamata a cusa shi a tsakiyar aikinsa ba.

Sai ƙarar bindiga. Wanda ya saba da finafinan Leone ya san harbinsu yana da wata ƙara tasa, mai kaifi, mai jan wutsiya kamar bulala, harsashi na dukan dutse yana fito. Da aka haɗa wa doguwar sigar sabon sauti na 5.1, mai fita ta sifikoki da yawa, an sauya da yawa daga cikin waɗannan ƙararrakin da na zamani masu nauyi. Ga wanda bai san na da ba, ba zai damu ba. Kawu kuwa da ya ji harbin farko a sautin asali na faifan 2021, cewa ya yi, "Yawwa, ga bindigar kaboyi nan." In ka saka faifan, ka shiga wurin zaɓin sauti ka ɗauki na asalin, mai fita ta hanya ɗaya. Kiɗan Ennio Morricone ma a nan ya fi zama daram, musamman wannan kukan mai kama da na dila da kowa ya san fim ɗin da shi.

Ƙarshen fim ɗin shi ne ma'aunin kowane faifai. Tuco ya faɗo cikin maƙabartar Sad Hill, dubban kaburbura sun kewaye wani dandali na duwatsu, yana gudu yana neman suna guda inda aka binne zinariyar dala 200,000, kyamara na juyawa da shi har kaburburan su narke su zama zane-zane. Sojojin Sifen ne suka gina wa Leone wannan maƙabartar a kusa da Santo Domingo de Silos, kamar yadda su ne suka gina gadar da aka tarwatsa a fim ɗin, wadda sai da aka sake gina ta domin fashewar farko ta tashi kyamarori ba su shirya ba. Masoya fim ɗin sun koma wurin a 2015 suka fara tono dandalin daga ƙarƙashin ciyawa da hannunsu. Bayan gudun sai tsayuwar mutum uku, kusan minti 5 babu magana, daga ido sai hannu, daga hannu sai kube. A faifan 2021 kana ganin yatsan Van Cleef na tsakiya da ya guntule a kai yana matsowa kusa da bindiga. A daren nan har matata da ta shigo ɗaukar kwanuka ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, ba ta motsa ba sai da aka yi harbin.

Abu biyu zan faɗa maka don kar ka ce ban faɗa ba. Na farko, faifan 2021 ba shi da HDR, don haka kar ka sa ran hasken nan mai ƙyalli na sababbin finafinai. Na biyu, za ka ga hoton yana da ɗan tsaki-tsaki kamar an watsa yashi mai laushi. An ɗauki fim ɗin ne da tsarin Techniscope, wanda ke cin rabin filin da aka saba ba kowane hoto a jikin zaren fim don a rage kashe kuɗi, shi ya sa ƙwayoyinsa suke fitowa. Asalinsa ke nan, kuma bayan minti 5 idonka zai daina lura.

Na 2014 dai, in za a yi masa adalci, hotonsa yana da kaifi, kuma akwai fitowa ɗaya a cikin ƙarin da ta cancanci kallo, inda bos ya isa wani rusasshen sansani cike da sojojin Kudu masu rauni yana cigiyar Bill Carson, sojan da ya san maƙabartar da zinariyar take. Iyakarsa ke nan. Kuma wuraren da aka cire suna nan a ware cikin kayan ƙari na kwalin 2021, ka kalle su daban in ka gama.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba, amma ita ta fi muhimmanci ga aljihunka. Masu sayar da faifai a intanet da wasu shaguna sun iya buga kwali. Za a rubuta maka 4K ɓaro-ɓaro, har da tambari mai ƙyalli, ka je gida ka tarar DVD ne aka kwafa daga wani tsohon kwafi. An taɓa yi min haka da wani fim ɗin, na tura kuɗi kafin in gani, abin da ya iso an yanke gefe da gefen hoton don ya cika allo. Ka yi tunanin a yi wa wannan fim ɗin haka: a tsayuwar ƙarshe mutum uku ne a faɗin allo, in aka datse gefe sai ka rasa biyu. Dole ka ga baƙin layi sama da ƙasa, shi ne shaidar an bar shi da faɗinsa. Ka juya faifan ka dubi bayansa, na kamfani fari ne kamar azurfa, wanda aka kwafa a kwamfuta sau da yawa yana da duhu ko ruwan shanshanbale. Duk wanda ya ce maka faifansa na 4K ne amma zai yi a na'urar DVD, ƙarya yake yi, ka kama gabanka. Haka wanda ya ce akwai finafinan Eastwood 10 a faifai ɗaya kuma duka gangariya.

Ka kuma tabbatar da na'urarka kafin ka biya. Faifan 4K sai na'urar Ultra HD, ko PlayStation 5 mai wurin saka faifai, ko Xbox mai karanta faifan 4K irin Series X. PlayStation 4 ba ta karanta shi. Alherinsa shi ne ba a kulle shi da yanki ba, ko daga Amurka aka kawo zai yi maka aiki. Blu-ray na Kino Lorber kuwa na yankin A ne, mu kuma Afirka muna yankin B tare da Turai, don haka in shi za ka dogara da shi sai na'urar da aka buɗe wa yankuna duka. Ka duba shekara a bayan kwalin ma, domin kamfanin ya fitar da wani a 2017 na cikar shekara 50 da fitowar fim ɗin a Amurka, shi gyaransa daban ne, wasu masu sayarwa kuma suna haɗa su su kira su abu ɗaya.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce mai kayan ya saka faifan a gabanka, ko ya ɗauko maka bidiyonsa yana aiki. Ya nuna maka tsawon lokacin a allo, ya zama awa 2 da minti 42 ko kusa da haka. Sannan ya tura shi zuwa wurin da hafsan ke kaɗe ƙura daga rigarsa. In ka ga shuɗi sosai a hannun rigar, ka biya shi ka karɓi kayanka.