Hattara da masu sayar da injin yanka katako da sunan "kafasita ce kawai"

Jama'a, musamman kafintoci da masu shirin buɗe wurin aiki, a yi hattara da wasu masu tallar injin yanka katako da aka riga aka yi amfani da shi, irin mai tebur ɗin nan, a intanet. Za su saka hoton inji ya sha sabon fenti, su rubuta cewa lafiyarsa ƙalau, kafasita (wato 'yar na'urar da ke taimaka wa motar injin tashi) ce kawai ta mutu, shi ya sa suka karya kuɗinsa. Wani ma har ya ce ka tura kafin alƙalami don masu so sun yi yawa.

Abin da ya sa ƙaryar take shiga shi ne tana kama da gaskiya. Motar injin da kafasitarta ta mutu takan yi gurnani ba ta juyawa, kuma gyaran ba shi da wuya. To amma motar da koyil ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ya ƙone ma haka take yi, haka wadda boris ɗinta ya cije. Ka tambayi kanka: in gyaran na minti kaɗan ne, me ya hana mai injin yi ya sayar da daraja?

In ka je gani, kafin a kunna komai, cire filogi. Ɗora hannu a jikin motar. Idan da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin ka iso, don kada ka ga yadda take wahalar tashi a sanyi. Kai hancinka wajen ramukan iska. Ƙaurin ƙonannen koyil ba ya ɓuya, ko an wanke an fesa fenti. Haska fitila ciki: waya mai lafiya launinta ja ne mai sheƙi, wadda ta ƙone kuwa baƙa ce, tana ɓarewa. Sannan ka cire bel ka juya sandar motar da hannu. In kana jin ƙaras-ƙaras ko tana girgiza, boris ne, kuma giris mai kauri da suke cusawa na ɗan lokaci ne yake rufe ƙarar. In kana da mitar gwajin wuta, gwada tsakanin wayoyin motar da jikin ƙarfenta. Matuƙar ta nuna sun haɗu, wannan injin zai iya jan mutum. Kafasita kuma tana riƙe wuta ko bayan an kashe, kada ka taɓa bakinta.

Duba farantin da aka rubuta ƙarfin motar a jikinta ma, don ana musanya shi. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne, saboda haka motar da aka rubuta mata doki 3 amma tana jan amfiya 5 a kan bolt 220, lissafin bai fita ba. Sababbin kusoshi a kan tsohon faranti alama ce.

Bidiyon inji yana juyawa ba kaya ba ya nuna komai. Tafi da katako mai kauri, a yanka a gabanka sau da yawa. Mota mai rauni nan take za ta sassauta, ta yi zafi, ko ta tsaya cak. Wasu kan haɗe wayar makunnin kariya daga zafi don kada ya katse lokacin gwaji, sai ka nemi a buɗe akwatin wayoyin ka gani. Wanda kuwa ya ce sai an ɗan tura zarton da hannu yake tashi, kada ka yarda a gwada a gabanka, yatsu ake rasawa a haka.